Kafancan Da Kewayenta: Abin Da Baƙo Zai Gani, Da Abin Da Aka Riga Aka Kwashe

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Kano ko Kaduna ya nufi Inugu ko Fatakwal a zamanin da jirgi yake jirgi, ba ya bukatar a gaya masa inda Kafancan take. A nan ne jirgi kan yi doguwar tsayawa, fasinjan Jos da Bauci su sauka su jira nasu, masu tallar doya da ayaba da dafaffen ƙwai su yi wa taragu caa. Amma yaran da aka haifa bayan wannan zamani, galibinsu ba su san sunan garin ba sai ta bakin rediyo, ran da aka ce an yi rikici an sa dokar hana fita. Wannan kuwa rashin adalci ne ga garin, hasara ce kuma ga masu jin labarin, domin a kewayen Kafancan, cikin tafiyar da ba ta wuce ta sa'a guda ko biyu da mota ba, akwai abubuwan kallo da na tarihi waɗanda Turawa kan haye teku don su ga ɓarɓashinsu a gidajen tarihin ƙasashensu. Sai dai ya kamata baƙo ya shirya zuciyarsa tun daga gida, gama mafi darajar abin da ƙasar ta fitar ba ya nan, an riga an yi gaba da shi.

Mai zuwa daga Kaduna yakan bi ta Kujama da Kasuwar Magani ya iso Kajuru, inda zai hangi wani gida a kan dutse mai hasumiyoyi irin na fadojin sarakunan Turai na dā, wanda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980. Abin a ɗaga kai a duba ne, amma baƙon gini ne, ba shi da jijiya a tarihin wurin, kuma tun da 'yan bindiga suka kashe mutum biyu a can a watan Afrilu na 2019 masu zuwa suka ja baya. A Kaciya hanya ta rabu biyu, ɗaya ta bi ta Zonkwa, ɗaya ta bi ta Kwoi, duka biyun kuwa Kafancan suka nufa. Tun daga nan matafiyi zai ga ƙasa ta sake. Ciyawa ta fi tsawo, kurmi ya yawaita a bakin rafuka, ga giginya ga kwakwar manja, ga duwatsu sun tasam ma sama ta wajen gabas, inda tsaunukan Jos suka gangaro.

Garin Da Dogo Ya Haifa

Kafin zuwan dogo, wurin mazaunin mutanen Fantswam ne, waɗanda Hausawa suka juya sunansu ya koma Kafancan. Abin da ya mai da shi gari kuwa abu biyu ne da ke cikin ƙasa, kuma ba ko ɗaya daga cikinsu da yake a Kafancan ɗin. Na farko kuza ce a Jos da Bukur, na biyu kwal ne da aka gano a wajen Inugu a 1909. Turawa suna son kwal ya hau tudu ya tuƙa injunan haƙar kuza, ita kuma kuza ta gangara bakin teku a loda ta a jirgin ruwa. Ɗan siririn dogon da suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukur, wanda aka gama a 1914, faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal, ba ya iya ɗaukar wannan kaya. Saboda haka dogon da ya taso daga Fatakwal ya iso Inugu a 1916, sai aka zarce da shi ta Makurɗi har ya sadu da na Ikko zuwa Kano a Kaduna. A 1927 aka gama wannan aiki, a cikin shekarar kuma aka cire reshe daga Kafancan ya hau zuwa Jos, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai. Da farko ana haye Binuwai da taragu a kan jirgin fito kafin a buɗe gadar Makurɗi a 1932. Da aka zarce da dogo daga Kuru zuwa Bauci da Gwambe har Maiduguri, aikin da aka gama a 1964, sai gyaɗa da auduga da shanun arewa maso gabas su ma suka riƙa ratsowa ta nan.

To, inda hanya uku ta haɗu, dole mutane su haɗu. Reluwe ta kawo direbobi da akawuna da makanikai daga ƙasar Ibo da ta Yarbawa, ta jawo fatake da mahauta da dillalan Hausawa, ta ɗauki leburori daga ƙauyukan kewaye. Aka gina loko inda ake gyaran kan jirgi, da gidajen ma'aikata jere reras, aka yanka tituna a miƙe. Har yau wanda ya zaga cikin tsohon gari zai ga shatar wannan tsari. Tarzomar 1966 da yaƙin basasa da ya biyo baya sun kwashe mutanen Gabas da yawa, waɗansu suka komo bayan 1970, waɗansu ba su ƙara waiwayowa ba.

Tashar tana nan, ita ce kuma ta fi cancanta baƙo ya fara da ita, ko da yake ganinta ba ya faranta rai. Tsofaffin taragu sun yi tsatsa a kan layi, ciyawa ta rufe dogo a wurare da yawa. An ɗan farfaɗo da jirgin Fatakwal zuwa Kano a 2015, bai daɗe ba ya sake tsayawa. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran dogon Fatakwal zuwa Maiduguri baki ɗaya, amma ya zuwa 2024 guntun da ke tsakanin Fatakwal da Aba ne kurum aka buɗe, Kafancan kuwa tana da nisan fiye da kilomita 700 daga Fatakwal. Abin mamaki, ba wanda ya yi tunanin ware kai guda mai aiki da kwal da tarago biyu ko uku a shafa musu fenti, a tara tsofaffin fitilu da ƙararrawa da littattafan tasha a ɗaki guda, don 'yan makaranta su ga abin da ya kafa garinsu. Ƙarfen da ba shi da mai tsaro kuwa, kowa ya san 'yan gwangwan ba sa barinsa ya tsufa.

Daga tasha sai fadar Sarkin Jama'a. Masarautar ta girmi garin da fiye da shekara 100. Wajen 1810 ne wani malami Bafilace mai suna Malam Usman, mutumin Kabi, ya karɓo tuta daga Sarkin Zazzau Malam Musa, ya kafa Jama'ar Daroro a gindin duwatsun da ke wajen Gidan Waya ta yanzu. Ita da Kafi da Nasarawa duk a ƙarƙashin Zazzau suke, suna kai gaisuwa Zariya, a cikin gaisuwar nan kuwa har da bayi, waɗanda ake kamowa daga ƙabilun kewaye. Tsohon garin ƙasar kurmi ce da tsando, dogo kuma bai bi ta can ba, don haka a zamanin Turawa aka tashe shi, a 1933 Sarki ya tare a Kafancan.

Ba a faɗi wannan don tonon tsohon miki ba, sai don wanda bai san shi ba ba zai fahimci abin da yake ji a rediyo ba. Rikicin watan Maris na 1987 a kwalejin horon malamai ya tashi, a kan wa'azin ɗalibai, kafin a ce kwabo ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Na watan Mayu na 1999 ya ɓarke ne ranar da za a ba sabon Sarki sanda. Na watan Afrilu na 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa ne, shi ne ya cinye babbar kasuwar garin. Wanda ya ce faɗan addini ne kurum ya taƙaita, domin a ƙarƙashinsa akwai maganar ƙasa da sarauta, da tambayar wane ne ɗan gari wane ne baƙo a garin da jirgi ya tara. Gwamnatocin jiha sun ƙirƙiro sababbin masarautu a 1995, da kuma a farkon shekarun 2000, har mutanen Fantswam da na Kaninkon suka sami nasu sarakuna. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a takardar zaman lafiya a Kafancan. Ba ta hana a sake zub da jini a ƙauyuka ba, a ƙarshen shekarar nan da kuma a 2022, amma dai an zauna an dubi juna ido da ido. Baƙo mai hankali yakan tambayi halin hanya kafin ya tashi, ya kuma yi tafiyarsa da rana.

Ruwa Da Dutse

Kilomita kaɗan daga gari, ta wajen Madakiya, akwai Matsirga. Sunan kansa ya faɗi abin da ke wurin, watau inda ruwa ke tsirgowa. Kogin daga duwatsun Kagoro ya taso, yana tafe a sarari lami lafiya, sai kwatsam ƙasa ta yanke masa, ya zubo daga tsawon kusan mita 30 cikin wani kwazazzabo, a rarrabe kamar yatsun hannu. Da damina, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, tun daga nesa ake jin rugugi, feshi yana tashi kamar hayaƙi, in rana ta haska shi bakan gizo ya fito. A bayan ruwan akwai wani lungu cikin dutse inda mutum zai tsaya ruwa yana zuba a gabansa kamar labule. Da rani ruwan kan ragu ƙwarai, amma a lokacin ne sauka ƙasa ta fi sauƙi. Duwatsun suna da santsi, kuma gurbin da ruwan ke faɗawa ba wurin gwada iyo ba ne. Gyaran da aka yi wa wurin don baƙi bai taka kara ya karya ba.

Kagoro kuwa tana gabas da Kafancan, tafiyar 'yan mintoci, a cikin Ƙaramar Hukumar Kaura. Garin ya jingina da wani dogon dutse wanda ƙwanƙolinsa ya haura mita 1,200 daga doron teku, da sanyin safiya hazo kan rufe kansa. Mutanen wurin Agworok suke kiran kansu. Dutsen nan shi ne ganuwarsu, gama saboda shi ne Zazzau da Jama'a ba su taɓa cinsu da yaƙi ba, su ma Turawa sai da suka kai musu soja fiye da sau ɗaya a farkon mulkinsu. Don haka ne Kagoro da Marwa da Jaba suka zauna da sarakunan kansu a lokacin da maƙwabtansu ke ƙarƙashin hakiman Zazzau ko na Jama'a. Wani hafsan Ingila mai suna Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'ar Daroro ya kuma tattara tatsuniyoyin Hausa masu yawa, ya wallafa littafi a kansu a 1912 wanda sunansa kaɗai cin mutunci ne. Jikokin mutanen da ya kwatanta haka su ne suka cika makarantun Arewa da malamai, asibitoci da ma'aikatan jinya, barikoki da hafsoshi, domin 'yan mishan na SIM sun kafa makarantar Littafi Mai Tsarki a Kagoro tun farkon shekarun 1930, ita ce ta zama kwalejin tauhidin ECWA.

Sarkinsu Malam Gwamna Awan ya hau gado a 1945, bai sauka ba sai da mutuwa ta ɗauke shi a 2008, shekara 63 ke nan. A zamaninsa ne aka tsai da bikin Afan a ranar 1 ga Janairu. Afan da harshensu dutse ke nan, asalin bikin kuwa na gama girbi ne da buɗe farauta. A ranar maharba kan fito da kwari da baka, ana busa ƙaho ana kiɗa, ƙungiyoyin rawa na Bajju da Atyap da sauran maƙwabta su zo taya murna, 'yan gari da ke aiki a Ikko da Abuja su cika gida. Mai son hawa dutsen sai ya nemi ɗan jagora a gari ya kuma yi sammako. Akwai mutanen da ke zaune a bisa har yanzu suna nomansu, daga can kuwa ana hangen Kafancan shimfiɗe kamar tabarma.

Hanyar Nok

Wanda ya juya yamma ya bi ta Kagoma ya nufi Kwoi da kaka, hancinsa zai gaya masa ƙasar da ya shiga. Citta ce ko'ina, an tsaga ta an shanya a kan fā da bakin kwalta. Nijeriya tana cikin manyan masu noman citta a duniya, mafi yawanta kuwa daga Jaba da Kaciya da Kagarko da Jama'a take fitowa. Ana shuka ta da farkon damina a rufe kunya da ganye, a tone daga Nuwamba. A 2023 wata cuta ta funfuna ta faɗa wa gonaki ta ruɓar da mafi yawan amfanin shekarar, har iri ya yi wuya, manoma da yawa suka shiga bashi. Ita ma citta a buhu take fita, a wata ƙasa ake tatsar manta a ci ribar.

Kusa da Kwoi, hedkwatar mutanen Ham waɗanda Hausawa ke kira Jaba, akwai wani ɗan ƙauye a gindin duwatsu. Shi ne Nok, sunan da duk ɗalibin tarihin Afirka ya haddace ko a wace ƙasa yake. A 1928 ne masu haƙar kuza a nan suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu, aka kai Jos aka ajiye, ba wanda ya damu. Sai a 1943, a wani filin kuza kusa da Jama'a, aka sake tono wani kai, na mutum, mai kyan gaske. Wani akawun kamfani ya ɗauka ya kafa shi a gonarsa ta doya ya zama mutum-mutumi, ya shekara yana wannan aiki. Daga baya manajan kamfani ya gan shi, ya kai wa wani matashin jami'in mulki a Jos mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanci ilmin tonon kayan tarihi a Ingila. Fagg ya lura hannun da ya ƙera wannan da wancan iri ɗaya ne. Ya shiga bin filayen kuza yana roƙon leburori kada su fasa abin da suka tono, ya sa wa al'adar sunan ƙauyen, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos wanda aka buɗe a 1952.

Wanda ya ga sifar Nok sau ɗaya ba ya ɓata ta. Idanu masu kusurwa uku, an huda ƙwayar ido da hanci da baki, kai ya fi ƙarfin jiki girma, ga kitso iri-iri da tukkaye, ga duwatsun wuya da na ƙugu jibge. Cikinsu holoƙo ne, an gina su ne da murjin yumɓu kamar yadda ake gina tukunya, hudojin nan kuwa su ne suka bar iska ta fita don kada su fashe a wuta. A shekarun 1960 Fagg ya tono matoyan tama a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, waɗanda suka nuna mutanen nan suna narka ƙarfe ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.).

Masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, sun kama aiki a yankin daga 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, su ne kuma suka ƙara wa labarin nama. Bisa ga awonsu, al'adar ta faro wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, sifofin yumɓu suka bayyana wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, abin ya shuɗe daidai zamaninsa. Mutanen ba birni suka gina ba, manoma ne a 'yan ƙananan gidajen gona. Gero suke ci da wake, suna tsintar atili, wani bincike da aka wallafa a 2021 kuma ya sami alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Matafiyin da ya tsaya a bakin hanyar Kwoi ya sayi atili da kwalbar zuma, abincin da aka ci a wurin shekara 3,000 da suka wuce ya saya. Sifofin kuwa kusan dukkansu a farfashe aka same su, binne cikin ramuka kusa da wuraren da ake zaton kaburbura ne, shi ya sa masanan suka danganta su da al'adun jana'iza. Saboda haka wanda ya yi saurin kiransu gumaka ya wuce inda shaida ta tsaya.

Akwai ɗan gidan tarihi na gwamnati a ƙauyen Nok, baƙo zai ga gutsattsarin sifofi da tukwane da kayan aiki na dutse, a kuma zaga da shi cikin duwatsu da koguna na kewaye. Amma manyan, waɗanda ake bugawa a bangon littattafai, sai a Jos ko Ikko ko Kaduna, mafi yawa kuma a Turai da Amurka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi, ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya da fita da su ba da izini ba. Duk da haka a shekarun 1990 aka yi wa ƙasar rubdugu. Dillalai suka riƙa ɗaukar samari da diga da shebur, a bar gona a shiga tono, a sayi abu a kuɗin buhun masara a ƙauye a sayar da shi a kuɗin gida a Turai. Ba sifar kaɗai ake sacewa ba. Mai tonon sata yakan watsar da gawayi da tsingaro da ƙwayar hatsi da ke kewaye da ita, alhali kuwa su ne ke gaya wa masani shekarunta da yadda masu ita suka rayu. Ramin da aka birkice ba ya sake magana.

Aikin Jamusawan ma bai ƙare da daɗi ba. An baje abin da suka tono a Frankfurt a 2013, aka komo da shi Nijeriya aka ajiye a gidan tarihi na Kaduna. Amma a watan Fabrairu na 2017 'yan bindiga suka sace Farfesan da abokin aikinsa a Janjala cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko, suka kashe mutanen gari biyu da suka bi sawu don su cece su. An sako su bayan 'yan kwanaki, tono kuwa ya tsaya.

A watan Afrilu na 2000, lokacin da Shugaban Faransa Jacques Chirac ya buɗe wani sabon sashe a babban gidan tarihi na Louvre da ke Faris, a cikin kayan da aka jera har da sifofin Nok guda biyu waɗanda Faransa ta saya daga hannun wani dillali, bayan kowa ya san doka ta hana su fita. Masana suka yi ca a kan maganar. A 2002 aka daidaita, Faransa ta amsa cewa su biyun da wata sifa ta uku daga ƙasar Sakkwato mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25, wanda ana iya sabuntawa. Wa'adin nan a 2027 yake cika.